Yadda ɗan akuya ke girma cikin cikin uwarsa

A ƙasar Maraɗi da wuya a shiga gida ba a tarar da jar akuya ɗaure ga turke ba. An san ta da yawan haihuwa, sau da yawa ma tagwaye take yi. Amma kafin a ga ɗan akuya yana tsalle a tsakar gida, sai ya yi wata 5, wato wajen kwana 150, cikin cikin uwarsa. Tunkiya ma haka take. Saniya ita wata 9 take yi da ƴan kwanaki, taguwa kuwa wajen wata 13.

Ciki yana farawa ranar da bunsuru ya barbari akuya. Irin bunsuru ya gamu da ƙwan akuya, wanda bai kai ƙwarar rairayi girma ba. Ƙwan ya rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, har ya zama ɗan dunƙule. Cikin mako na 3 sai ya manne ga jikin mahaifa. Daga nan ana ce da shi tayi. Mai akuya ba ya ganin kome. Abin da zai lura da shi kawai, bayan mako 3 akuya ba ta sake neman bunsuru ba.

Tun wata bai cika ba zuciyar tayi ta fara bugawa, alhali girmansa bai wuce na ƙwarar wake ba. A wata na 2 kai da ƙafafu da kunnuwa sun fito, har ana iya gane mace ko namiji. Gashi sai wajen wata na 4.

Tayi ba ya cin ciyawa, ba ya numfashi. Yana kwance cikin wata jaka cike da ruwa, ruwan nan shi ke kare shi in uwar ta yi karo ko ta faɗi. Abincinsa da iskarsa daga jinin uwa suke zuwa, ta mabiyiya da igiyar cibiya. Wanda ya taɓa duba mabiyiyar akuya bayan haihuwa ya ga wasu ƙulle-ƙulle jajaye da yawa kamar maɓallai. Ta nan abinci ke ƙetarewa, amma jinin uwa da na tayi ba su garwayuwa.

Girman tayi ba daidai yake tafiya ba. A ƙarshen wata na 3 bai kai rabin kilo ba, ga shi ranar haihuwa yana kusan kilo 2. Mafi yawan nauyinsa cikin mako 6 na ƙarshe yake samun shi. A lokacin nan ne akuya ta fi bukatar abinci, kuma a lokacin nan ne tayi ke danne mata tumbi, ba ta iya cin da yawa. In tagwaye ne abin ya fi tsanani.

Wahalar takan faɗo in makwannin nan suka zo cikin bazara, daji ya ƙare, sai busasshen kara. Tayi ba ya jira, daga jikin uwa yake ja. Akuya ta rame, wata ta kwanta ta kasa tashi, wata ta yi ɓari. Wata kuma ta haifi ɗa marar ƙarfi, hantsarta ba nono. Masu kiwo da suka san haka tun da kaka suke ɗora harawar wake da ta gujiya bisa itace ko rumfa. Suna ba mai ciki kaɗan kaɗan, safe da marece, da dusa, da ƴaƴan gawo, da ɗan gishiri, da ruwa mai tsabta. Yaron da ke kora ta da sanda ko da jifa, ɗan da ke ciki yake yi wa ɓarna.

In haihuwa ta kusa, hantsa ta cika, akuya ta ware gefe guda tana kuka tana tonon ƙasa. Jakar ruwa ta fashe. Ƙafafun gaba ke fara fitowa, kai yana bisansu. Uwar ta lashe ɗan har ya bushe. Bai jima ba sai ya miƙe yana tangaɗi, ya nemi nonon farko mai kauri, wanda ake kira dakashi.