Tabbatar da Nasaba a Fiƙihun Malikiyya: Darasi daga Hukuncin Katsina na 2003

Gabatarwa

Nasaba ita ce dangantakar jini da shari'a ta amince da ita tsakanin ɗa da mahaifinsa. Hukunce-hukunce masu yawa sun rataya a kanta: suna, ciyarwa, gado, waliccin aure da muharramaka. Idan ta tabbata, duk waɗannan suna biyo ta, idan kuma ta faɗi, su faɗi tare da ita. Saboda haka malaman usulu suka sanya kiyaye zuriya cikin manyan manufofi biyar na shari'a. Wanda ya bibiyi babin a littattafan da ake karantarwa a zaurukan Katsina, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, zai tarar da ƙa'ida guda da ta ratsa shi: shari'a ta faɗaɗa hanyar tabbatar da nasaba, ta ƙuntata hanyar kore ta. Da wannan ƙa'ida ake fahimtar hukuncin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta yanke a 2003, da ita kuma ya dace a auna gwajin ƙwayoyin halitta da ya shigo a wannan zamani.

Hanyoyin tabbatar da nasaba

Hanya ta farko, kuma mafi ƙarfi, ita ce shimfiɗar aure. Asalinta shi ne jayayyar Sa'ad bn Abi Waƙƙas da Abdu bn Zam'a a shekarar buɗe Makka game da wani yaro da kuyangar Zam'a ta haifa. Sa'ad ya kafa hujja da wasiyyar ɗan'uwansa Utba da kamannin yaron, Abdu kuma ya kafa hujja da cewa a shimfiɗar mahaifinsa aka haife shi. Annabi (SAW) ya bai wa mai shimfiɗa yaron, duk da ya ga kamannin Utba a jikinsa, sannan ya umarci matarsa Sauda bint Zam'a da ta yi hijabi daga yaron. Malamai sun fahimci cewa kamanni, ko da ya bayyana, ba ya ture aure.

Shimfiɗa tana da sharuɗɗa. Dole saduwa ta kasance mai yiwuwa tsakanin ma'auratan, mijin ya kasance wanda irinsa ke iya haihuwa, kuma a haifi ɗan bayan mafi ƙarancin muddar ciki. Wannan mudda wata 6 ce, an ciro ta daga haɗa aya ta 15 ta Suratul Ahƙaf, wadda ta sanya ciki da yaye wata 30, da aya ta 233 ta Suratul Baƙara, wadda ta sanya shayarwa shekara 2 cikakku. Malikawa suna yafe kwana 5 daga cikin watannin saboda tauyewar watan ƙamariyya. Auren da ya ɓaci amma babu haddi a cikinsa, da saduwar da aka yi bisa shubuha, su ma suna tabbatar da nasaba.

Hanya ta biyu ita ce iƙrari, wanda Malikawa ke kira istilhaƙi. Uba ne kaɗai yake da ikon yin sa, ga yaron da ba a san nasabarsa ba, matuƙar hankali ko al'ada ba su ƙaryata shi ba, kamar ya yi iƙrarin wanda ya girme shi. Hanya ta uku ita ce shaidar maza biyu adilai, kuma ana karɓar shaidar da ta ginu a kan abin da ya yaɗu a bakin jama'a. Ta huɗu ita ce ƙiyafa, wato gane dangantaka ta hanyar duba gaɓoɓi, kamar yadda Mujazziz al-Mudliji ya dubi ƙafafun Zaid bn Harisa da ɗansa Usama ya shaida cewa tsatso ɗaya ne. Mashhurin mazhaba ya taƙaita aiki da ita ga 'ya'yan kuyangi, Shafi'awa da Hambalawa kuwa sun faɗaɗa ta.

Abubuwa biyu ba sa kafa nasaba. Na farko shi ne mayar da ɗan wani ɗa, wanda aya ta 4 da ta 5 ta Suratul Ahzab suka soke. Riƙo da tallafi da Hausawa suka saba da su alheri ne mai lada, amma ɗan riƙo da agola suna nan da sunan iyayensu, ba su cin gadon mai riƙo, sai dai ya yi masu kyauta ko wasiyya cikin sulusi. Na biyu shi ne zina. Jamhurin malamai, har da Malikawa, ba su danganta ɗan ga mazinaci ko da ya amsa. Yana bin mahaifiyarsa, ya gaje ta, ta gaje shi. Is'haƙ bn Rahawaihi da Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun halatta dangantawar idan matar ba ta ƙarƙashin auren kowa. Duka ɓangarorin sun haɗu a kan cewa yaron ba shi da laifi, don haka gorin da ake yi masa da sunan ɗan gaba da Fatiha zalunci ne.

Kore nasaba

Ɗan da aka haifa a shimfiɗar aure ba ya koruwa sai da li'ani, wanda ayoyi na 6 zuwa 9 na Suratun Nur suka tsara. Miji zai yi rantsuwa huɗu, ta biyar ya kira la'anar Allah a kansa idan maƙaryaci ne, matar ita ma ta yi huɗu, ta biyar ta kira fushin Allah a kanta idan shi ne mai gaskiya. Ana yin sa da umarnin alƙali, a masallaci, gaban mutum huɗu aƙalla. Sakamakonsa rabuwa ce ta har abada, ɗan kuma ya koma ga uwarsa.

Malikawa sun tsaurara sharuɗɗansa. Dole miji ya dogara da dalili tabbatacce, kamar rashin saduwa ko istibra'i da jinin haila, kuma ya gaggauta da zarar ya san da cikin ko haihuwar. Idan ya yi jinkiri ba tare da uzuri ba, ko ya sadu da ita bayan ya sani, damarsa ta wuce. Mutumin da ya karɓi barka, ya raba goro, ya yanka ragon suna ran bakwai, ba shi da bakin kore yaron bayan shekaru don ya samu saɓani da uwar. Bambancin launi ma ba dalili ba ne, domin Annabi (SAW) ya hana wani balaraben ƙauye kore baƙin ɗansa, ya ba shi misali da raƙuma da ke gado launi daga kakanninsu.

Kwantaccen ciki da shari'ar Katsina

Inda saɓani ya fi yawa shi ne mafi tsawon muddar ciki, domin babu nassi a kansa. Hanafawa sun ce shekara 2, Shafi'awa da Hambalawa shekara 4. Khalil ya ambaci saɓani tsakanin 4 da 5, Ibn Asim ya tsaya a kan 5. Muhammad bn Abdilhakam, wanda shi ma Bamalike ne, ya ce shekara 1, Ibn Hazm ya ce wata 9. A Muwaɗɗa akwai labarin wata bazawara da ta haihu wata huɗu da rabi bayan sabon aure, Sayyidina Umar ya tambayi tsofaffin mata, suka ce cikin mijin farko ne ya tsaya sannan ya motsa, sai ya danganta ɗan ga mijin farko. Wannan shi ne abin da Hausawa ke kira kwantaccen ciki.

Mas'alar ta fito fili a shari'ar Amina Lawal, bazawara daga Kurami da ta haihu ba ta da aure. A watan Maris na 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa, mutumin da ta ambata kuwa ya musanta, aka sallame shi saboda rashin shaidu. Babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin a watan Agusta na shekarar. Ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke birnin Katsina ta soke shi da rinjayen alƙalai huɗu bisa ɗaya. Daga cikin dalilanta akwai cewa alƙali ɗaya ne ya zauna a Bakori alhali doka ta shardanta shi da mataimaka biyu, da cewa mai iƙrari yana da ikon janye iƙrarinsa, da cewa haihuwar ta auku cikin wa'adin da mazhaba ke danganta cikin sakakkiya ga tsohon mijinta. Da yake yiwuwar hakan tana nan, ciki kaɗai bai isa hujjar haddi ba.

Sai dai likitanci ya nuna cewa ciki yana ɗaukar kimanin kwana 280, kuma wanda ya haura mako 42 ya shiga haɗari. Tun da daɗewa Ibn Rushd ya bayyana a Bidayatul Mujtahid cewa mas'alar tana komawa ga al'ada da jarrabawa, kuma ra'ayin Ibn Abdilhakam da Zahirawa ya fi kusa da abin da aka saba gani. Masar ta ɗauki shekara 1 a dokarta ta 1929, haka nan Maroko, ƙasar Malikiyya, a dokar iyali ta 2004. Abin da ya kamata ɗalibi ya rarrabe shi ne cewa tunkuɗe haddi yana wadatuwa da shubuha ko da mai rauni ce, amma ɗora wa mutum ciyarwa, ko rage rabon magada saboda ɗan da aka haifa shekara huɗu bayan saki, haƙƙin bayi ne da ke buƙatar nazarin malamai da likitoci tare.

Gwajin ƙwayoyin halitta

Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta tattauna wannan gwaji a zamanta na 16 a Makka a 2002. Ta halatta amfani da shi idan an yi jayayya kan wanda ba a san nasabarsa ba, ko jarirai suka cakuɗu a asibiti, ko yara suka ɓace a yaƙi da bala'o'i. Ta hana a kore nasaba da shi, ko a gabatar da shi a kan li'ani, ko a yi shi don bincikar nasabar da ta riga ta tabbata. Wannan matsaya ta dace da ƙa'idar da aka ambata: gwajin ya hau gurbin ƙiyafa, ya ma fi ta inganci, amma ƙiyafa ba ta taɓa rinjayar shimfiɗa ba. Wasu malaman zamani sun ƙara da cewa matar da mijinta ya nufi li'ani tana iya neman gwajin don ta wanke kanta, ta tsare nasabar ɗanta. Mijin da ya kai jinin ɗansa gwaji a ɓoye saboda zargi kuwa bai samu wata hujja da za ta sauke masa nauyin uba ba.

Kammalawa

Sashe na 277 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya bai wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan aure da dangantakar iyali da waliccin yara da gado, saboda haka waɗannan hukunce-hukunce suna aiki a kotunan Katsina a yau. Kusan dukansu sun dogara da ƙidayar kwanaki: ranar ɗaurin aure, ranar tarewa, ranar saki, ƙarewar idda da ranar haihuwa. Inda ake saki da baki, ba shaidu, ba takarda, alƙali ba shi da abin ƙirgawa, kuma yaro ne ke ɗaukar asarar. Ya dace limamai da waliyyai su riƙa rubuta waɗannan ranaku, sakakkiya ta sanar da cikinta tun tana idda, miji mai tafiya cin-rani ya bar shaidar ranar tafiyarsa da ta dawowarsa. Allah ne Mafi sani.