Kafin ka nemi shago, fara haɗa teburin aikinka

Idan kana zaune a Gafasa ko wani ƙauye na Ƙaramar Hukumar Ajingi, ka san yadda abin yake da zarar an gama kaka. Gero ya shiga rumbu, an sayar da gyaɗa da wake, ɗan kuɗi ya shigo aljihu, sai hira ta koma kan wa zai tafi cirani Kano, wa zai zauna. Mai zama da ya iya wata sana'ar hannu yakan ce ba shi da shago. Amma yawanci abin da ya rasa wurin ɗora aiki ne. Zauren gidanku ya isa shago. Sai dai gyaran famfon feshi ko haɗa kujera a tsugune a ƙasa yana cin baya, noti yana ɓacewa cikin rairayi, yankan zarto kuma ba ya tafiya daidai saboda katakon yana motsi.

Tebur mai tsawon ƙafa 6 da faɗin kusan ƙafa 2 zai ishe ka, kuma da zarto, guduma, tef na awo da fensir za ka haɗa shi cikin wuni guda.

Fara da tsayinsa. Tsaya daidai, ka saki hannunka, a auna daga ƙasa zuwa wuyan hannun. Ga yawancin samari abin yana kamawa tsakanin inci 33 zuwa 36. In ya gaza haka za ka wuni a duƙe, in ya wuce kuma ba za ka iya danna aiki da nauyin jikinka ba. Sannan ka auna ƙofar zauren. Ba ƙaramin abin dariya ba ne a gama tebur a tsakar gida ya ƙi shiga ɗaki.

Katakon kasuwa yakan zo da tsawon ƙafa 12, don haka yi lissafinka a kan wannan. Tu-bai-fo guda ɗaya zai ba ka ƙafafu huɗu masu inci 33, har da ragowa. Tu-bai-tiri uku za su ba ka dogaye huɗu masu ƙafa 5 da gajeru biyar masu inci 17, abin da ya saura ka ajiye shi, yana da babban aiki a gaba. Sai wan-bai-tuwel biyu, kowanne a raba shi biyu, su ne saman tebur. Ƙara da ƙusa mai inci 4, da mai inci 3, da 'yar ƙarama mai inci ɗaya da rabi, da gam ɗin katako.

Leƙa wurin masu katako a Gaya ko Wudil tukuna. In kuma da ma hanya za ta kai ka birni, kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa da ke kan titin Zariya ta fi zaɓi. Ko ina ka je, tafi da awonka a rubuce, a yanka maka da inji a can. Guntaye suna ɗauruwa a bayan babur, amma katako mai ƙafa 12 sai ka biya masa kuɗin mota kamar fasinja.

A wurin zaɓe ne ake cin riba ko a yi asara. Mafi yawan katakon da ake sayarwa a Kano daga kudu ake kawo shi, wani da ɗanyensa. Ya iso ƙasarmu, hunturu ya buge shi, sai ya tsuke, ya murɗe, ya tsage. Teburin da ka haɗa ƙam a Nuwamba sai ka ga ya buɗe baki kafin Maris. Ɗaga katakon ka ji: in ya yi nauyi fiye da 'yan'uwansa kuma yana da sanyi a tafin hannu, da sauran ruwa a jikinsa. Ka ɗora ido a kan bakinsa ka hango ɗaya ƙarshen, lanƙwasa ba ta ɓuya. In ɗanyen kaɗai ka samu, jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ka ba shi mako biyu zuwa uku. Kada ka shanya shi a rana don sauri, tsagewa zai yi. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa sai maɗaci. Maɗaci na da ƙarfi, amma tsada gare shi. Malaina busasshiya ta wadatar.

Haɗin kansa ba shi da wuya. Yi firam biyu: na sama da gajeru uku, ɗaya a tsakiya, na ƙasa da gajeru biyu. Shafa gam kafin ka buga ƙusa. In ƙusar za ta shiga kusa da bakin katako, dakushe tsininta da guduma, ba za ta tsaga shi ba. Kafin gam ya kama, auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, sannan ka auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo ɗaya, firam ɗin ya miƙe. In bai zo ba, tura doguwar kusurwar har su daidaita. Sai ka kafa ƙafafu a cikin kusurwoyin, firam na ƙasa ya zauna kamar inci 8 daga ƙasa.

Yanzu ɗauko ragowar tu-bai-tirin nan. Buga ɗaya a karkace a bayan tebur, daga firam na ƙasa zuwa na sama, gajeru kuma a gefe biyu. Wannan shi ne abin da mutane suka fi tsallakewa, don a ido kamar bai ƙara komai ba. To amma siffa mai kusurwa huɗu tana kwanciya in an tura ta, mai kusurwa uku ba ta yi. Shi ya sa kake ganin irin wannan tokarar a jikin rufin kwano da turakun tankin ruwa. Teburin da babu ita, wata biyu na jan zarto ya isa ya sa shi rawa, kuma ƙarin ƙusa ba ya maganin wannan rawar.

Saman a yi shi ninki biyu: allo biyu a ƙasa da ƙusa mai inci 3, sauran biyun a kansu da ƙaramar ƙusa. Na saman kada ka sa masa gam, domin ranar da ya ci sara da huji ka ɓamɓare shi ka juya bayansa. Nutsar da kawunan ƙusoshin cikin katako, in ba haka ba za su cinye maka haƙoran zarto.

Saura gara, wadda ba ta jiran damina. In zaurenku ba shi da siminti, kada ƙafar tebur ta taɓa ƙasa. Ɗora kowacce a kan bulo ko faffaɗan dutse, ka shafe ƙafafun da maganin gara. Kafintoci da yawa baƙin mai suke samowa wurin mai gyaran babur su shafa. In shi za ka yi amfani da shi, tsaya a ƙafafu kawai, ka sa leda a hannu, don yana ɓata kaya kuma ba shi da kyau a fata. Bar tazarar tafin hannu tsakanin tebur da bangon ƙasa, ka riƙa leƙa bayansa duk ranar Juma'a. In ka ga siririn layin laka ya fara hawa ƙafa, kankare shi a take ka sake shafa magani.