Yadda Imel Yake Tafiya

Idan ɗalibi a Talata Mafara ya aika wa ɗan'uwansa na Maradun imel, kwamfutarsa takan yi magana da wata babbar kwamfuta mai aikin gidan waya, wadda ake kira saba. Ƙa'idar wannan magana sunanta SMTP, kuma Jon Postel ne ya rubuta ta a Amurka a 1982.

Mai rubuta manhaja da harshen C yakan buɗe soket, wato hanyar da kwamfuta biyu suke magana ta cikinta, ya nufi ƙofa mai lamba 25. Daga nan sai gaisuwa, kamar baƙo a zaure. Saba ta amsa da 220, wato a shigo. Manhaja ta ce HELO, ta faɗi sunanta. Da MAIL FROM take faɗin mai aikawa, da RCPT TO kuma wanda za a kai wa. In saba ta yarda, sai ta ce 250. Bayan DATA a zuba wasiƙar, a rufe da ɗigo guda shi kaɗai a layi.

Abin da muke so ku lura da shi, ƙa'idar 1982 ba ta neman shaida. Duk sunan da aka rubuta, karɓa take yi. Yanzu irin su Gmail suna neman kalmar sirri kafin a aika, suna kuma tace jabu, amma wasu na kuɓucewa. Saboda haka, in wasiƙa ta same ku hutu a Bakura da sunan JAMB tana neman kuɗi, ku nuna wa malami kafin ku biya ko kwabo.