Harshen Zumunci: Yadda Ake Isar Da Labari Da Gaisuwa A Cikin Dangin Bahaushe

Gabatarwa

Akwai Hausar da muke koya a aji, akwai kuma Hausar da ake yi a tsakar gida. A aji an koya mana tsarin sauti da ginin kalma da ginin jimla, amma ranar da aka yi haihuwa ko aure ko rasuwa a gidan abokin mutum Bahaushe, ba a tambayarsa lamirin suna. Abin da ake saurare shi ne ko ya san wa zai gaisar, da wane suna zai kira shi, da kuma abin da zai ce masa. Mu da Hausa ba harshenmu na farko ba ne, a nan ne ake gane wanda ya ji harshe da wanda ya haddace shi kawai. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana kalmomin dangantaka, da hanyar isar da labari a cikin dangi, da kuma maganganun da ake yi a manyan tarukan zumunci guda uku, wato suna da biki da zaman makoki.

Wane Ne Wane A Cikin Dangi

Kafin a fahimci labarin dangi sai an san masu labarin. A gargajiyance Bahaushe yana zaune ne a babban gida, inda maigida da ƙannensa da 'ya'yansa maza da matansu suke zaune a sassa daban-daban, sau da yawa suna noma tare a gandu. Irin wannan zama ya sa kowa yana da sunan da ke nuna matsayinsa.

Ta wajen uba, ɗan'uwan mahaifi shi ne baffa, wasu kuma su ce baba, 'yar'uwarsa kuwa ita ce gwaggo. Ta wajen uwa, ɗan'uwan mahaifiya shi ne kawu, 'yar'uwarta kuma inna ko iya. Kalmomin baffa da gwaggo da kawu aro ne daga Fulatanci, kuma sun zauna daram a bakin Hausawa har ba a jin baƙuntarsu. Wannan rarrabewa tana da amfani, domin da an ce kawuna ne ya zo, mai sauraro ya riga ya san baƙon daga dangin uwa yake.

A tsakanin 'yan'uwa kuwa, Hausa tana duba shekaru da jinsi a lokaci guda. Namijin da ya girmi mutum shi ne wa, macen kuma ya, dukkansu ana kiransu yaya. Na ƙasa da mutum shi ne ƙane, macen kuma ƙanwa. Ɗalibin da ya taso da Yarabanci zai lura da bambanci a nan, domin kalmomin Yarabanci biyu da ake amfani da su girma da ƙanƙanta kawai suke nunawa, ba su nuna namiji ne ko mace. Haka kuma ana bambanta waɗanda suke ciki ɗaya da 'yan uba, wato waɗanda uba ya haɗa amma kowa da ɗakinsu. Daga nan ne aka sami kalmar 'yan'ubanci, wadda ke nufin gasa da kishi.

Aure ma yana kawo nasa sunayen. Akwai suruki da suruka, akwai uwargida da amarya, waɗanda kowacce kishiyar ɗaya ce. Matan wa da ƙane facaloli ne. Ɗan da mace ta zo da shi gidan sabon miji shi ne agola, amma ina jan hankalin 'yan'uwana ɗalibai cewa kalma ce da ake sani, ba a kiran mutum da ita a gaban idonsa. Daga sama akwai kaka, daga ƙasa akwai jika, ɗan jika kuma shi ne tattaɓa-kunne.

Yadda Ake Faɗin Labari

Abu na farko da mai koyo zai lura da shi shi ne Bahaushe ba ya faɗin manyan al'amuran rayuwa gatsau, sakayawa yake yi. Ba a cika cewa mace tana da ciki a gaban manya ba, sai a ce tana da juna biyu. Idan ta haihu sai a ce ta sauka, ko a ce an sami ƙaruwa a gidan wane. Idan aka tambayi jikin marar lafiya, amsar ita ce da sauƙi, ko da kuwa yana kwance magashiyan. Saboda haka wanda ya ji an ce da sauƙi kada ya ɗauka an warke, ya dubi fuskar mai magana.

A wajen mutuwa sakayawar ta fi yawa. Kalmar mutu tana nan a ƙamus, amma ga mutumin da ake girmamawa rasu ake cewa, ko an yi rashi, ko Allah ya yi masa rasuwa, ko ya riga mu gidan gaskiya. Idan ɗan mamacin yana nesa, sau da yawa ba a gaya masa kai tsaye. Sai a ce jikin Baba ya yi tsanani, ya zo gida, ko kuma a nemi wani babba da ke kusa da shi ya je ya zaunar da shi tukuna.

Abu na biyu shi ne tsarin wanda ake fara sanarwa. Labari daga sama yake gangarowa. Saurayin da ya sami matar aure ba ya tunkarar mahaifinsa da maganar, sai ya bi ta wajen kawu ko gwaggo ko wani aminin uban. Idan aka yi haihuwa, iyayen miji da na mata ake fara aika wa, sannan sauran dangi. Babban laifi ne dattijo ya ji labarin gidansu a bakin bare. Kalmar nan ta ba a gaya mini ba ta sha hana mutane halartar biki, ta kuma sha raba zumuncin shekaru. Shi ya sa a da ake tura yaro gida-gida da goro, domin goron shi ne shaidar cewa an gayyaci mutum, an kuma san da zamansa.

Taron Suna

Daga ranar haihuwa mata suke fara zuwa barka. Mai zuwa yakan ce barka da arziki, ko barka da sauka lafiya, ya ƙara da Allah ya raya, a amsa masa da amin. Uwar jaririn ita ce mai jego, uban kuma abokan wasa sukan tsokane shi da angon ƙarni. Idan haihuwar fari ce, a wurare da dama mace gidan iyayenta take komawa, a can za ta yi wankan jego na kwana 40, tana shan kunun kanwa.

Ana raɗa suna bayan kwana 7, wato idan an haihu ran Litinin, Litinin mai zagayowa ce suna. Yarabawa wannan ranar suke kira ta takwas, domin suna lissafawa da ranar haihuwar, Bahaushe kuwa kwanan da aka yi yake ƙirgawa. Ranar ɗaya ce, lissafin ne ya bambanta. Da sassafe maza suke taruwa a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, a raba goro da dabino, a yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da sunan. Wanzami ya yi wa jariri aski, mata kuma su yi yinin suna.

Sunan da aka raɗa shi ne sunan yanka, amma ba lallai ne a riƙa kiran yaro da shi ba. Idan sunan kakansa aka sa masa, uwarsa ba za ta iya faɗin sunan surukinta ba, sai a koma kiransa Abba ko Baba, mace kuma Ummi ko Inna. Wasu laƙubban kuma tarihin gidan suke bayarwa. Gambo shi ne wanda ya biyo tagwaye, Tanko namijin da ya biyo mata, Kande macen da ta biyo maza, Auta kuma na ƙarshe. Wanda ya san waɗannan, da jin suna ya karanta rabin labarin gida.

Biki

A wajen ɗaurin aure, ango yana da wakili, amarya tana da waliyyi. Abin lura shi ne sau da yawa uba ba ya tsayawa da kansa, sai ya miƙa al'amarin ga wansa ko ƙanensa. Wannan kara ce, kuma sanarwa ce ga jama'a cewa 'ya ta dangi ce gaba ɗaya. Haka ma kai lefe da kai amarya aikin gwaggonni da innoni da yayye ne, uwa tana gefe. Kowane ɗan dangi yana kawo gudummawa gwargwadon ƙarfinsa, kuma mata suna riƙe da lissafin wadda ta kawo da abin da ta kawo, domin a rama mata ranar nata. Anko da ake fitarwa ya yi kama da kayan bai-ɗaya da muka saba gani a bukukuwan kudu. Addu'ar da ake yi ita ce Allah ya sanya alheri, Allah ya ba da zaman lafiya. Tsofaffi mata sukan ƙara da Allah ya kawo ƙazantar ɗaki, wanda ba zagi ba ne, fatan samun 'ya'ya ne.

Zaman Makoki

A bisa koyarwar Musulunci ana gaggauta jana'iza, galibi a ranar da aka rasu, saboda haka dangin nesa ta'aziyya suke tararwa. An fi yin zaman makoki na kwana 3. Wasu gidaje suna yin sadakar uku da bakwai da arba'in, wasu kuma sun bari saboda malamansu ba su yarda da ita ba, don haka baƙo ya bi abin da ya tarar. Matar mamaci tana yin takaba ta wata 4 da kwana 10. Mai ta'aziyya yakan zauna, a yi addu'a, sannan ya ce ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya gafarta masa. Ba wurin doguwar magana ba ne, kuma ba a tsananta tambayar abin da ya kashe mamaci. Zuwan shi ne saƙon, domin Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake.

Kunya Da Wasa

Duk waɗannan taruka suna tafiya ne a kan ƙa'idoji biyu masu kama da kishiyoyi. Ta farko kunya. Iyaye ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa kuma nuna damuwa da shi a bainar jama'a. Mace ba ta kiran sunan miji, sai ta ce maigida ko Malam ko Alhaji. Suruki yana durƙusawa ya gaida surukansa, ba ya cin abinci a gabansu. Ta biyu wasa. Kaka tana kiran jikanta mijinta, jika ya tsokane ta da tsufa, ba mai fushi. 'Ya'yan wa da na ƙanwa, wato ɗan mace da ɗan namiji, taubasai ne, suna iya yi wa juna ba'a son rai. Mace tana wasa da ƙannen mijinta, abin da zai ba Bayarabe mamaki, domin a wajensu amarya ba ta ko kiran sunan yaran da ta tarar a gidan miji, laƙabi take sa musu. Wanda bai san wannan rabo ba zai iya ɗaukar kunya a matsayin ƙiyayya, ya ɗauki wasa a matsayin rashin tarbiyya.

Mai son ganin wannan tsari a rayuwar mutum guda ya nemi littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa Bahaushiya a lardin Zariya tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Baba ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi, kuma kusan duk labarinta na aure ne da suna da ziyara.

Abin Da Ke Sauyawa

Tun da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, labarin da kan kwana a hanya yanzu cikin minti guda yake zagaye dangi. Wannan ya kawo sauƙi, amma ya taɓa tsarin da na bayyana. Yaro yakan riga babba jin labari, wani kuma ya ga hoton mahaifinsa da addu'ar rasuwa a waya kafin a zaunar da shi. A birane kuma anti da ankul suna ture gwaggo da inna da kawu da baffa. Asarar a nan ba ta kalmomi huɗu kawai ba ce. Yaron da ke kiran kowa anti ya daina jin bambancin dangin uwa da na uba a bakinsa, kuma wannan bambancin shi ne ke nuna wanda zai ba da aurensa da wanda zai iya yi wa wasa.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce kada mu jira sai mun je Kano ko Sakkwato. Unguwar Sabo ta Ibadan tana nan tun 1916, akwai Hausawa a Agege da Idi-Araba a Legas, akwai su a Sabon Shagamu da Ama Hausa ta Owerri, kuma ba a mako guda ba a yi suna ko ɗaurin aure a waɗannan wurare ba. Idan aka gayyace mu mu je, mu zauna inda aka nuna mana, mu saurari wanda ya fara magana da sunan da aka kira shi da amsar da aka ba shi. Idan mun dawo mu rubuta abin da muka ji, mu kawo aji a tattauna, domin kalmomin sukan bambanta daga Kananci zuwa Sakkwatanci zuwa Zazzaganci. Allah ya ba mu sa'a, ya kuma bar zumunci.