Kafin katin ATM ya iso hannunka: injinan da ke karanta shi, da inda aikinsu ya tsaya



Tun bayan ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023, mutanenmu da yawa da ba su taɓa riƙe katin banki ba sun koma riƙewa. Ka je kwatar Oko-Oba a Agege, ko Kara ta bakin hanyar Legas zuwa Badun, ko Sabon Shagamu, za ka tarar da dattijon da a da ƙugunsa ne bankinsa, yau ga kati a aljihun 'yar shararsa. Ni ɗan mai sayar da shanu ne, kuma da yake na ɗan yi sakandare, ni ake yawan miƙo wa ambulan a ce in duba. Tambayar da ake min kusan ɗaya ce: wannan katin da ɗan aike ya kawo, ta yaya aka san nawa ne, ba na wani mai irin sunana ba? Kuma me zai hana a taɓa shi a hanya?

Tambayar tana kan hanya, don abin da ke bayan katin nan wani lokaci kuɗin tirela guda ne na shanu, kuma rabinsa ma amanar mutane ce daga gida. Shi ya sa na ga ya dace in bayyana yadda ake tantance kati kafin a sa shi a ambulan.

Abin da ke jikin katin

Ɗauko naka ka duba. Duk katunan banki na duniya girmansu ɗaya ne, tsawo milimita 85.6, faɗi wajen milimita 54, shi ya sa katin da aka yi a Legas zai shiga injin da ke Makka. Bayanan mai kati kuma a wurare uku suke.

Na farko, rubutun da ido ke gani: suna, doguwar lamba, wata da shekarar da katin zai daina aiki, da lambobi uku na baya. Na biyu, baƙin layin nan da ke bayan kati, wanda maganaɗisu ne irin na zaren kaset ɗin rediyo, yana ɗauke da lambar katin da lokacin ƙarewarsa. Na uku shi ne ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare na gaba, mai kama da na layin waya. Wannan ƙaramar kwamfuta ce, ita ce ƙwaƙwalwar katin. Baƙin layin yana da sauƙin kwafa, ɓarayi sun daɗe suna yi, shi ya sa Babban Bankin Najeriya ya tilasta wa bankuna komawa kati mai ƙwaƙwalwa da lambar sirri wajajen 2010. Ita ƙwaƙwalwar, duk cinikin da ka yi sai ta ƙirƙiri wata sabuwar shaida da ba za ta sake amfani ba.

Doguwar lambar ma ba da ka ake rubuta ta ba. Galibi lambobi 16 ne, wasu katunan Verve kuma sun kai 19. Na Visa da 4 yake farawa, na Mastercard da 5 ko 2. Lambobin farko guda shida ko takwas su ne ke nuna bankin da ya ba da katin. Ta ƙarshe kuwa mai gadi ce: aikinta ta tona asirin kuskure.

Lissafin da ke kama kuskure

Wani injiniya na kamfanin IBM mai suna Hans Peter Luhn ne ya fito da dabarar a shekarun 1950, kuma har yau da ita ake aiki. Bari in gwada da gajeriyar lamba: 46714. Ka fara daga dama. Ta ƙarshe, wato 4, ka bar ta. Ta kusa da ita, 1, ka ninka ta biyu, ta zama 2. Sai 7, ka bar ta. Sai 6, ka ninka ta zama 12, to da yake ta wuce tara sai ka haɗa 1 da 2, ta zama 3. Sai 4 ta farko, ka bar ta. Yanzu tara su: 4 da 2 da 7 da 3 da 4, ashirin ke nan. Muddin jimillar ta ƙare da sifiri, lambar ta tsallake.

To a ce wani ya rubuta 46814, ya sa 8 a madadin 7. Jimilla ta koma 21, nan take inji zai ce akwai matsala. Shi ya sa in ka yi kuskuren lamba ɗaya wajen shigar da katinka a manhajar waya, tun kafin a tuntuɓi banki take ƙin karɓa. Amma fa a lura, wannan lissafin kuskure kaɗai yake kamawa, ba ya kama ɓarawo.

Cikin masana'antar

Kati yana fara rayuwarsa ne a matsayin roba mai tambarin banki, babu suna babu lamba. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, a nan Legas ma akwai SecureID da ke buga katunan bankuna. Injinan da ake aikin da su kuwa daga waje ake kawo su, irin na kamfanin Entrust na Amurka da Mühlbauer na Jamus. Babban inji yana iya gama kati sama da dubu a awa guda.

Banki zai turo jerin sunayen waɗanda za a yi wa kati, a kulle ta yadda ko ma'aikacin da ke tsaye a gaban injin ba zai iya karantawa yadda ya ga dama ba. Injin zai zaro kati ɗaya, ya zuba bayanai a ƙwaƙwalwarsa, ya rubuta a baƙin layin, sannan ya buga suna da lamba a jiki. Muhimmin abin shi ne, duk abin da ya rubuta sai ya koma ya karanta. Akwai kan da ke goga baƙin layin ya ji ko abin da aka sa ya zauna daidai. Akwai wanda ke magana da ƙwaƙwalwar ya ji ko tana amsawa. Akwai kyamara da ke kallon rubutun ta gwada shi da abin da banki ya turo. In katin irin wanda ake ɗorawa a kan POS ne ba sai an zura ba, mai alamar igiyoyi a jiki, to siririyar wayar da ke cikinsa ita ma sai an gwada ta.

Dole ukun nan su yi magana ɗaya. In rubutu ya ce kaza, ƙwaƙwalwa ta ce wani abu daban, injin zai ture katin gefe cikin akwatin lalatattu ya sake yin wani. Lalataccen ma ba a jefar da shi haka nan, sai an ƙirga an rubuta, sannan a niƙe shi. Duk wanda ya taɓa lodin shanu a Potiskum ko Maigatari ya san wannan tsarin: kai nawa aka ɗora, kai nawa aka sauke a Kara, in ɗaya ta faɗi a hanya sai an kawo bayani. Haka ake ƙirga kati, wanda ya shiga inji da wanda ya fito sai sun yi daidai kafin a tashi aiki.

Haɗa kati da takardarsa

Nan ne wurin da ya fi shafar tambayarmu. Katin da za a aika ana manna shi ne a jikin wata takarda mai ɗauke da suna da adireshin mai shi. A ce katin Malam Sani ya hau takardar Malam Usman, ai an gama, kati zai tafi gidan da ba nasa ba. Don haka akwai inji na biyu da aikinsa kawai hana wannan.

Yana buga takardar da wata alama a gefe, irin zane-zanen layukan nan na jikin kwalin magani. Kafin ya manna, zai karanta katin ta baƙin layi ko ta ƙwaƙwalwa, ya karanta alamar takardar, ya gwada su. In sun dace, sai ya ɗiga gam ya manna, ya naɗe takardar, ya zura a ambulan, ya liƙe. In ba su dace ba, ya ware su ko ya tsaya cak har sai mutum ya zo ya duba. Kamar dai fentin da ake shafa wa shanu ne a gadon baya in fatake uku sun haɗa mota ɗaya: ba fuskar saniya ake dubawa wajen saukewa ba, shaidar ake bi. Injin ma ba ruwansa da cewa sunaye sun yi kama. Ko Abubakar Muhammad ɗari ne a jerin, kowanne da lambarsa.

Sai kariya ta ƙarshe: katin da aka aiko a kulle yake tafiya, ba ya aiki sai mai shi ya buɗe shi. Lambar sirri kuma ba a haɗa ta da kati a ambulan ɗaya. A da ana aiko ta daban a wata takarda mai rufi, yanzu galibi kai ne za ka zaɓi taka a injin ATM ko a wayarka.

Wanda ya je reshen banki aka buga masa kati nan take, ƙaramin injin da ke kan teburin ma'aikaci shi ma wannan aikin yake yi, ya rubuta ya koma ya karanta. Bambancin kawai babu ambulan.

Inda aikin inji ya tsaya

Gaskiyar magana, ba kasafai matsala ke fitowa daga masana'anta ba. Daga bakin ambulan zuwa aljihunka, nan ne ramin yake, kuma yanayin zamanmu a Kudu yana ƙara masa faɗi.

Da yawanmu ba mu da adireshin kanmu. Wani ya ba da na masallaci, wani na shagon ɗan garinsu, wani ya ce a kai ƙofar gidan Sarkin Hausawa. Ga sunayenmu suna yawan haɗuwa, a zango ɗaya sai ka samu Musa Ibrahim uku. Injin ya yi nasa daidai, amma ɗan aike mai babur in ya zo ya kira suna, wanda ke kusa shi zai miƙa hannu. Don haka lambar wayar da ka bai wa banki ta zama wadda ke hannunka, kuma ka ce a kira ka kafin a miƙa wa kowa.

Abu na biyu, akwai katunan da wakilan kamfanonin kuɗi na waya ke rabawa a kasuwa, waɗanda ba suna a jiki. Su ba a haɗa su da asusun kowa ba tun daga masana'anta, sai an shigar da lambarsu a manhaja. Ma'ana aikin da inji ke yi na haɗa kati da mai shi, a nan ɗan Adam ne ke yi. Ka tsaya a wurin ka ga an haɗa shi da asusunka, ka ga saƙon ya shigo wayarka.

Abu na uku shi ne ya fi ci min rai. Dattijo zai karɓi sabon kati, don bai iya boko ba sai ya miƙa wa yaro mai POS ya ce ya buɗe masa, har ya zaɓar masa lambar sirri. Mafi yawan yaran nan 'yan uwanmu ne masu amana, amma wanda ya ga doguwar lambar, da ranar ƙarewa, da lambobi uku na baya, ga kuma lambar sirri, ya riga ya samu kusan duk makullan. In ya ƙara da wayarka a hannunsa na minti biyu ya karanta lambar da banki ke turowa ta tabbatarwa, to ya gama. Ba sai katin yana hannunsa ba zai iya sayayya da shi a intanet.

Abin da za ka yi in kati ya iso

Duba ambulan tukuna. In ka ga alamar an ɓare an sake liƙewa, kada ka buɗe katin don aiki, kai shi banki a soke a ba ka wani.

Duba sunan da ke jikin katin da na takardar, ko ka sa ɗanka ko wanda ka yarda da shi ya karanta maka. In ba naka ba ne, mayar da shi, kada ka gwada shi.

Lambar sirri da hannunka za ka danna. Ko ba ka iya karatu ba, ai ka iya lissafin kuɗi, lambobi huɗu ba za su gagare ka ba. Wani zai iya nuna maka inda za ka danna, sannan ya juya baya. Guji 1234 da shekarar haihuwa, kuma kada ka rubuta ta a bayan katin ko a takardar da ke naɗe da shi. In ka danna ba daidai ba sau uku a jere katin zai kulle, don haka in ka manta, ka nufi banki maimakon ka yi ta cinke.

Kada ka yarda a ɗauki hoton katinka, gaba ko baya. Kuma duk wanda ya kira ka ya ce daga banki yake, yana son lambar sirri ko lambar da aka turo maka a waya don ya "gyara" maka kati ko BVN, ɓarawo ne, ko da Hausa yake magana yana ce maka Alhaji. Banki ba ya tambayar waɗannan.

Tun ranar da ka karɓi kati ka tambayi lambar da ake dannawa a waya a kulle asusu in kati ko waya ta ɓace, don kowane banki da tasa. Ka sa a rubuta maka, ka ajiye a gida. Tsohon kati kuma in ya ƙare, ka sa almakashi ka yanka shi ta tsakiyar ɗan ƙarfen da baƙin layin kafin ka zubar.

Ina roƙon matasanmu da ke karanta wannan, ku karanta wa iyayenmu da ke kara da kwata da bakin tasha, ku zauna da su ku koya musu danna lambarsu da kansu. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya sa albarka a nema.