Tsaba da Ƙaiƙayi Cikin Abin da Ake Faɗa Game da Karatun Tattalin Arziki a Jami'a

A kowace shekara, da zarar an fara sayar da fom ɗin JAMB, sai zauruka da majalisu su cika da shawarwari game da fannin da ya kamata yaro ya nema a jami'a, kuma na lura cewa cikin dukan fannonin da ake ambata babu wanda zato ya lulluɓe kamar ilmin tattalin arziki, wanda ɗalibai suka fi sani da Ikonomis. Da yake na ga yara masu hazaƙa sun faɗa cikinsa bisa labarin ƙanzon kurege sun sha wuya, na kuma ga waɗansu da suka cancance shi an hana su saboda shubuha, sai na ga ya wajaba a zauna a sheƙe maganganun nan, a fid da tsaba daga ƙaiƙayi.

Mafi cutarwa daga cikinsu ita ce cewa wai wannan fanni mafaka ce ga wanda lissafi ya kora daga ajin kimiyya. Wannan magana ba ta da asali, bal ma akasinta ne gaskiya. Tun daga bakin ƙofa, wanda ke neman gurbi sai ya rubuta Ingilishi da Lissafi da Ikonomis da wani darasi guda a jarrabawar JAMB, sai kuma ya zo da kiredit a Lissafi cikin sakamakonsa na sakandare; idan kuwa ya sami shiga, to cikin shekaru huɗun da zai yi zai haɗu da aljabara da kalkulas da ilmin ƙididdiga, kafin ya kai ga darasin da ake kira Ikonometiriks, watau auna al'amuran tattalin arziki da ma'aunin ƙididdiga, wanda ke kayar da ɗalibai da yawa. Dalilin haka kuwa a fili yake ga wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau a Kano. Kowane ɗan dako ya san tiyar gero tana araha da kaka, tana tsada idan damina ta yi nisa rumbuna sun yi ƙasa, ba ya bukatar malami ya gaya masa. Amma idan aka tambaya, cikin tashin da buhu ya yi bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kashi nawa ne na kuɗin mota, nawa ne na faɗuwar darajar naira, nawa ne na gonakin da rashin tsaro ya hana nomawa, to a nan fa fasahar baki ta ƙare, sai alƙalami da adadi. Wannan rarrabewa tsakanin sabuban da suka cakuɗe ita ce zuciyar fannin, kuma yaron da ba ya son lissafi, kyautatawa ce a gare shi a faɗa masa gaskiya tun kafin ya biya kuɗin fom.

Akwai kuma masu zaton cewa a nan ake koyon yadda ake tara dukiya. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arzikin Afirka ta Yamma, a fataucin goro da cinikin gyaɗa ya koyi sana'arsa, kuma har gobe kasuwa ce makarantar ɗan kasuwa. Haka nan ba fanni ɗaya ba ne da aikin akanta, domin akanta yana tsare littafin shige da fice na kamfani guda, shi kuwa masanin tattalin arziki yana bincike ne a kan abin da ke motsa farashi da albashi da haraji a ƙasa baki ɗaya.

Sai mas'alar da ta fi nauyi a zukatan iyaye, wadda ba ta cancanci a yi mata riƙon wasa ba, watau cewa karatun nan karatun riba ne, kuma Musulmi bai kamata ya kusance shi ba. Akwai gaskiya a gefe ɗaya na maganar, domin lalle ana koyar da yadda kuɗin ruwa ke aiki, da yadda Babban Bankin Nijeriya, wanda ya fara aiki a 1959, ke ɗaga shi ko sauke shi don daƙile hauhawar farashi. Sai dai sanin abu daban, aikata shi daban, kamar yadda almajirin fiƙihu ke karanta babin cinikayya ya san siffofin riba ɗaya bayan ɗaya domin ya guje musu; hukuncin aikin da mutum zai kama bayan ya gama kuwa, wannan na malaman shari'a ne, a je gare su a tambaya. Abin da nake da yaƙini a kansa shi ne magabatanmu ba su ɗauki wannan fage baƙo ba. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, ya wallafa Kitabul Kharaji domin Halifa Haruna Rashid a kan haraji da kuɗin baitulmali, Ibnu Khaldun kuma, cikin Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, kusan shekara ɗari huɗu kafin littafin masanin tattalin arziki Adam Smith na 1776, ya bayyana yadda tsananta haraji ke kashe himmar masu sana'a har abin da hukuma ke tarawa ya ragu. A zamaninmu ma, Malam Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya sami digirinsa na tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1981, daga baya ya karanta shari'a a Khartum, shi ne gwamnan Babban Banki lokacin da aka fitar da ƙa'idojin bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, har bankin Jaiz ya buɗe ƙofarsa a 2012. A 2017 kuma gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Irin waɗannan ayyuka ba sa tsayuwa sai da mutanen da suka haɗa sanin fiƙihun mu'amala da sanin lissafin kuɗi, kuma Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiya ta musamman don wannan karatu.

Batun cewa mai wannan digiri aikin banki na jiransa da ya gama bautar ƙasa, wannan fata ne kawai. Bankunan kasuwanci suna ɗaukar masu digiri daga fannoni dabam-dabam, guraben Babban Banki da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ma'aikatun kasafi da tsare-tsare kuwa kaɗan ne, alhali masu kammalawa suna da yawa ƙwarai. Wanda na ga yana yin fice galibi shi ne wanda ya fito ya iya sarrafa alƙaluma a kwamfuta, da Excel ko Stata ko EViews, ya kuma iya rubuta rahoton da mai karatu zai fahimta.

Akwai ƙorafi guda da nake tare da masu yin sa, shi ne cewa yawancin littattafan da ake karantarwa an rubuta su ne bisa misalan Ingila da Amurka, inda kusan kowane ciniki ke da rasit, alhali a wurinmu babban kaso na hada-hada yana gudana ne ta hanyar adashe, da bashin amana tsakanin dillali da manomi, da sana'ar matan aure a cikin gida wadda ba ta shiga kundin kowa. Wannan gaskiya ne, kuma giɓi ne babba, domin manufar da aka tsara ba tare da sanin waɗannan mutane ba tana iya cutar da su, kamar yadda ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ya durƙusar da masu ƙananan sana'o'in da ba su da asusun banki. Amma ƙofar gyara tana cikin manhajar kanta, tunda a shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya rubuta kundin bincike, kuma babu abin da ya hana shi ɗaukar littafi da biro ya zauna da masu tumatir a Kadawa ta jihar Kano tun daga lokacin dashe har zuwa ranar da kwando ke zubewa don rashin mai saye, ya rubuta farashin kowane mako da kuɗin mota da abin da ya ruɓe a hanya, ya kai wa malaminsa alƙaluman da babu su a littattafan da aka koyar da shi.