Yadda Bibiyar Dubban Mutane Ta Gano Musabbabin Ciwon Zuciya da na Huhu

Likitan asibiti yakan haɗu da mutum ne bayan ciwo ya riga ya kama shi, shi ya sa da wuya ya iya cewa ga tushen abin. Masu binciken lafiyar al'umma kuwa da masu lafiya suke farawa. Sukan zaɓi dubban mutane, su auna su, su rubuta cinsu da shansu da yanayin zamansu, sannan su yi ta bibiyarsu shekara da shekaru don a ga wa zai kwanta, wa zai tsira.

Wanda ya fi suna a irin wannan aiki shi ne na garin Framingham da ke jihar Massachusetts a Amurka. An fara shi a 1948 da maza da mata 5,209. A lokacin, ciwon zuciya ne ke kan gaba wajen kashe Amurkawa, amma likitoci da yawa suna ɗaukar hawan jini tamkar furfura, abin da tsufa ke kawowa kawai. Shugaba Franklin Roosevelt kansa ya rasu a 1945 sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, bayan ya daɗe yana fama da hawan jini.

Duk bayan shekara biyu mutum zai zo ya naɗe hannun riga a gwada jininsa, ya hau sikeli, a ɗebi jini, a manna masa wayoyi a ƙirji a duba bugun zuciya, a tambaye shi karan sigari nawa yake sha a rana. Aiki ne mai cin rai, amma haƙurin ya biya. Zuwa 1961 an tabbatar cewa hawan jini da yawan kitse a jini suna ƙara haɗarin ciwon zuciya, haka ma sigari, sannan aka ƙara da ƙiba da ciwon suga. A 1971 aka shigo da 'ya'yan mutanen farko, a 2002 kuma jikoki, har aka soma ganin rawar da gado ke takawa.

Ta fuskar huhu, Richard Doll da Austin Bradford Hill ne suka buɗe hanya a Birtaniya. A 1951 suka aika wa likitocin ƙasar takardar tambaya kan shan taba, suka ci gaba da bibiyar maza sama da 34,000. Tun 1954 aka ga cewa sankarar huhu ta fi kashe masu shan taba, kuma gwargwadon sha, gwargwadon haɗari. Rahoton binciken na 2004 ya nuna mai sha yakan yi asarar kusan shekara goma na rayuwarsa, amma wanda ya bari yana ɗan shekara 30 yakan kauce wa kusan duk wannan asara.

Sai dai akwai giɓi babba. Mutanen Framingham na farko kusan duk fararen fata ne, don haka ma'aunin haɗarin da aka gina a kansu ba lallai ya yi daidai da ɗan Kano ko Damagaram ba. Matar da ke wuni a bakin murhun ice tana shaƙar hayaƙi, da manomin da ƙurar hunturu ke shiga ƙirjinsa duk shekara, ba su cikin wancan lissafi. Sanin abin da waɗannan ke yi wa zuciya da huhu yana buƙatar a bibiyi mutanen yankin su kansu, na tsawon shekaru.